Abin da Na Gani a Jakar 'Yar Aji Huɗu

Ranar da aka ba da hutun zango na ɗaya na leƙa gidan ƙanwata a nan cikin garin Bauchi, na tarar ana ta guɗa a tsakar gida. Ummi ce, 'yarta da ke aji huɗu, ta zo ta uku a ajinsu. Takardar sakamako sai yawo take daga wannan hannu zuwa wancan, kakarta har ta yi mata alkawarin kaza. Ni da na ɗan taɓa riƙe alli a shekarun baya, na duba takardar na sa albarka, sannan na ce a miƙo mini jakar.

"Kawu, ai ba komai a ciki sai littattafai."

"Su nake so, uwata."

Muka zazzage su a kan tabarma. Littafin rubutu goma sha ɗaya ne. Na Turanci da na lissafi sun cika har bango, na kimiyya da na zamantakewa sun haura rabi, na kwamfuta shafi shida, na zane da al'adu kuwa shafi huɗu, biyu daga ciki hoton kofi ne da na kifi. Iyaye kan duba takardar sakamako su ga lambobi, amma takardar ba ta faɗin abin da aka yi a watanni ukun nan. Littattafan ne ke faɗi, musamman idan ba ɗaya bayan ɗaya mutum ya karanta su ba. Sai na jera su, na riƙa bin kwanan watan da ke saman shafi: me aka yi a wannan mako a lissafi, me aka yi a makon a kimiyya, me aka yi a addini. Abin da na gani ya sa ni wannan rubutu.

Kafin in zo kansa, ya kamata a san daga ina abin da ke cikin littattafan nan ya taso, domin ba malamin aji ne ya zauna ya ƙirƙiro shi ba. Akwai hukumar tarayya mai tsara manhaja, NERDC, da ke Sheda a yankin Abuja. Ita ke rubuta abin da ya kamata yaro ya sani a kowane aji, daga Badagry har Gamawa. Daga nan sai a yayyanka manhajar shekara gida uku, kowane zango da rabonsa, kowane rabo kuma a sake tsinka shi mako-mako. Wannan shi ne abin da malamai ke kira sikim. Daga sikim malami ke rubuta lesin not, wato tsarin darasin da zai koyar, hedimasta ya sa hannu, ranar Juma'a kuma a cika dayari a nuna an koyar da abin da makon ya tanada. Idan mai duba makarantu ya zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, waɗannan takardu ne farkon abin da yake cewa a ɗauko.

Ita kanta manhajar ta sha sauyi. Tun daga shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, zuwa shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, kowace gwamnati da abin da take son a cusa wa yara. Da aka shigo da manhajar shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, a 2008, darussa sun yi yawan da har masu tsara ta suka ga abin ya wuce hankali, sai aka yi mata kwaskwarima, aka fara aiki da sabuwa a 2014, aka ce daga kusan ashirin an dawo goma. Sai dai ragin na suna ne. An juye kwano huɗu ne a akushi ɗaya, tuwon bai ragu ba. Kimiyya da fasaha da motsa jiki da kwamfuta aka haɗe su a ƙarƙashin suna guda. Addini da zamantakewa da sanin haƙƙin ɗan ƙasa da ilimin tsaro su ma aka ɗaure su a ƙunshi ɗaya, wanda ya jawo hayaniya daga Musulmi da Kirista baki ɗaya, har a 2017 aka sake ware addini ya koma cin gashin kansa. A 2025 ma an sake sanar da wata sabuwa, wadda ta ce yaran aji ɗaya zuwa uku kada darussansu su wuce tara ko goma. Malamin ƙauye kan ji irin wannan sanarwa a rediyo, kamar yadda ni da kai muke ji, sabuwar takardar kuwa sai ta ɗauki lokaci kafin ta iso teburinsa.

To, mu ƙirga zangon. A takarda mako goma sha biyu ne zuwa sha uku. Makon farko kowa ya san na shara ne da nome ciyawar da damina ta bari, da jiran yara su gama dawowa. Akwai hutun tsakiyar zango. A ƙarshe akwai makon bita, da makon jarrabawa, da makon da malamai ke duba takardu yara na wasan 'yar gala-gala a fili. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage na koyarwa bai fi mako tara ba, shi ma in ba a samu hutun gwamnati ko taron malamai ko tantance ma'aikata ba. Ranar Juma'a kuma da rana ta ɗaga an tashi. Darasi ɗaya minti talatin ne ko talatin da biyar. Ɗauki darasin da ake shiga sau biyu a mako, irin noma ko zamantakewa: shiga goma sha takwas ke nan a zango, in ka lissafa awa goma da rabi. Cikin awa goma da rabin nan, fiye da rabi kwafar rubutu ne daga allo, domin yawancin yara ba su da littafin karatu na darasin, allo shi ne littafin. A wannan ɗan lokaci ake so yaro ya san ire-iren ƙasar noma, kayan aikin gona, kwarin da ke cin amfani, da kiwon kaji.

Wannan lissafin na birni ne. A ƙauyukan Ganjuwa ko Alkaleri ko Dukku, zango na ɗaya yana faɗowa ne daidai kaka, lokacin cirar gyaɗa da roron wake da yankan dawa, kuma babu uban da zai bar amfaninsa a gona saboda lambobin Rumawa. Ranar kasuwar gari aji kan zama rabi. Zango na biyu da hunturu yake farawa, yara su iso a makare suna rawar ɗari a ajin da tagoginsa ba murfi, ya ƙare da zafin da ko babba ba ya iya zama ƙarƙashin kwano bayan sha ɗaya. Zango na uku kuwa da shuka yake tafiya. A 2025, da Bauchi ta shiga sahun Kano da Katsina da Kebbi aka rufe makarantu kusan mako biyar a lokacin azumi, an yi ta muhawara a kafafen yaɗa labarai, kowa da ɓangaren da ya kama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kwanakin da ke zubewa shiru-shiru kowace shekara sun fi waɗannan yawa, amma ban taɓa jin an yi musu irin wannan muhawara ba.

Yanzu ga abin da na gani a tabarma. A tsakiyar zangon, cikin mako biyu da ke jere, littafin kimiyya yana maganar ruwa. An rubuta da Turanci inda ake samunsa, rijiya da kogi da ruwan sama da famfo, sannan aka jera siffofin ruwa mai kyau guda uku. Ummi ta haddace su tsaf, ta rera mini su kamar waƙa, kowace kalma da wutsiyarta iri ɗaya. Na tambaye ta ma'anarsu, ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. A littafin addini kuma, a kusan ranakun, malamin ya yi musu babin tsarki. Sai na ce ta ɗebo mini ruwa a randa. Ta kawo a moɗa.

"Za a iya alwala da wannan?"

"Za a iya mana, Kawu."

"Ta yaya kika sani?"

Nan take, ba tare da ta tsaya tunani ba, ta ce ai launinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, warinsa bai canza ba. Wannan ta san shi tun daga Islamiyya, kuma ba hadda ce kawai ba, ta san ruwan da aka wanke shinkafa da shi ba ya alwala, ta san dalili. Sai na buɗe littafin kimiyyar na ɗora yatsa a kan kalmomin nan uku, na fassara mata su ɗaya bayan ɗaya: marar launi, marar wari, marar ɗanɗano. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta ce, "Laa, Kawu, ashe dama shi ne?"

Shi ne mana. Tabbas malamin fiƙihu da malamin kimiyya ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, ruwa kan iya halatta ga alwala alhali akwai ƙwayar cuta a cikinsa da ido ba ya gani, kuma wannan bambanci shi kansa darasi ne mai daɗi da yarinya 'yar shekara tara za ta iya kamawa. Amma ba wanda ya kai ta bakin wannan ƙofa, saboda ba wanda ya gaya mata cewa ruwan littafin Turanci shi ne ruwan randar gidansu. Ban gama mamaki ba sai na ga littafin lissafi ma a ƙarshen zangon ya shiga awon lita. An zana mata kwalabe, an ba ta tarawa da ɗebewa. Ba a ce mata jarkar da mai ga-ruwa ke sauke musu kullum tana da awo rubuce a jikinta ba, ba a ce mata ledar fiya-wata rabin lita ce ba, ashirin ne a buhu, to buhu lita nawa ke nan? Darasi uku sun taɓa abu ɗaya a zango ɗaya, a kan yarinya ɗaya, amma kowanne ya shigo ta ƙofarsa ya fita ta ƙofarsa, ko gaisawa ba su yi ba. Garin da ke shan ruwan madatsar Gubi, jihar da ke da maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumi a Yankari, maƙwabciyarta Gombe kuma ga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, amma ko ɗaya bai samu shiga shafin ruwa ba.

A nan ne nake ganin gaskiyar lamarin take. Muna yawan ƙorafin darussa sun yi yawa, kuma sun yi. Amma yawan ba shi ne ciwon ba. Ciwon shi ne kowane darasi an mai da shi rumbu mai zaman kansa, ana zuba masa kalmomi ana rufewa, sai ranar jarrabawa a buɗe a ɗebo. A firamare kuwa bai kamata a samu haka ba, domin tsarin asali malami ɗaya ne ke riƙe aji, shi ke yin lissafi, shi ke yin kimiyya, shi ke yin zamantakewa. Ba wanda ya fi shi damar ɗinke su. Abin da ke hana shi shi ne sikim ya zo masa a yanke, kowane darasi da takardarsa, kuma ba a taɓa nuna masa a kwalejin horon malamai yadda zai jera su ya duba a kwance kamar yadda na yi a tabarma ba.

Sai maganar harshe, wadda ta fi kowace zafi. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka ce a shekarun farko a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a yankin, daga baya a koma Turanci. Tun kafin nan ma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna ba su yi baya ba, har a Turancin kansa. A ƙarshen 2022, lokacin Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, yana ministan ilimi, gwamnati ta amince a miƙa harshen uwa har aji shida. Ba a kai ga buga littattafan da horar da malaman ba, sai a watan Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke manufar, aka ce Turanci daga tushe. Duk wannan kai-kawo a sama ake yin sa. A cikin aji abin da ke faruwa bai canza ba tun ina ɗalibi: malami ya rubuta da Turanci, ya yi bayani da Hausa, ya yi jarrabawa da Turanci. Yaro ya ji bayanin ya gane, amma ba shi za a tambaye shi ba. Ya kwafi rubutun bai gane ba, kuma shi za a tambaye shi. Wane zai riƙe? Sai ya riƙe wanda ke kawo maki.

Kada kuma mu manta Bauchi da Gombe ba Kano ba ce. Yaron Bogoro da Sayanci ya tashi, na Dass da Jaranci, na Kaltungo da Tangale, na Deba da Teranci, ga Fulani ko'ina daga Toro har Nafaɗa. Ga da yawansu Hausa ma harshe na biyu ce, Turanci na uku, Larabcin Islamiyya na huɗu. Masu cewa a koyar da harshen uwa kawai sukan tsallake wannan, masu cewa Turanci kawai kuma sukan manta cewa malamin da zai koyar da Turancin sau da yawa shi ma da ƙyar yake sarrafa shi. Ni dai ra'ayina a fili yake. Yaro ya fara koyon karatu da harshen da yake ji a kasuwa da wajen wasa, wanda a mafi yawan garuruwanmu Hausa ce, a kuma koya masa Turanci da baki tun ranar farko a matsayin darasi mai muhimmanci. Karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Wanda ya gane cewa baƙi da wasali ne ke haɗuwa su ba da gaɓa, ba zai sake koyon wannan sirri a wani harshe ba, ƙaura kawai zai yi da shi.

Ba ni na fara wannan magana ba, a jihar nan an gwada ta. Binciken auna karatun yara da aka yi a Bauchi da Sakkwato a 2013, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, ya nuna mafi yawan yaran aji biyu da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Wannan ne ya haifar da shirin Mu Karanta daga baya, wanda ya raba wa yaran aji ɗaya zuwa uku littafi kowane zango, ya ba malami jagora mai nuna abin da zai yi daki-daki: sautin harafi, gaɓa, kalma, jimla, ɗan gajeren labari. Duk wanda ya shiga ajin da ake yin sa da gaske ya ga bambanci, domin a karon farko yaro na riƙe da littafi nasa na kansa. Matsalar irin wannan shiri ita ce tafiyarsa da kuɗin baƙo. Ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa, littafin da ya yage sai an yi da gaske kafin a sake buga shi, malamin da aka horar kuma a yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan karatu shi ne duk sauran darussan a jikinsa suke rataye. Zuwa aji uku, manhaja na koya wa yaro karatu. Daga aji huɗu sai ta ɗauka ya iya, ta fara amfani da karatun wajen koya masa sauran abubuwa. Wanda bai haye wannan gada ba, duk abin da za a yi daga nan har aji shida zane ne yake kwafa. Zai cika littafi goma sha ɗaya da kyakkyawan rubutu, harafi bayan harafi, kamar mai ɗinkin hula yana bin zanen da wani ya yi masa. Ummi ta haye, ko da yake da ɗingishi. Hausa tana karantawa ta gane, Turanci tana furtawa daidai amma rabin ma'anar na wuce ta. Ita ce fa ta uku. Sai na riƙa tunanin ta hamsin, a ajin da suka haura tamanin, alhali manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara talatin da biyar.

Lissafi ma labarin kusan ɗaya ne, sai dai shi abin takaicinsa ya fi fitowa fili, domin yaranmu sun iya lissafi. Yarinyar da ke tallan awara ko gyaɗa, ka ba ta ɗari biyar ka sayi na ɗari da hamsin sau biyu, kafin ka rufe baki ta miƙo maka ɗari biyu. Ta san rabin mudu, ta san in an raba naira dubu tsakanin mutum huɗu nawa kowa zai samu. Amma rubuta mata wannan tambaya da Turanci a takarda, sai ta tsaya tana kallonka. A littafin Ummi na ga an bi lambobi har dubbai, an yi lambobin Rumawa, an shiga rabi da sulusi da rubu'i, duk cikin mako tara. Aikin da aka ba ta na tsagwaron lamba ta ci kusan duka. Na labari, irin wanda sai ka karanta ka gane me ake nema, nan jan biro ya yi yawa. Har da wata tambaya da ake saye da kwabo, kuɗin da ko uwarta ba ta taɓa kashewa ba.

Na zamantakewa ya fi ba ni dariya da tausayi a haɗe. An yi ma'anar iyali, ma'anar al'ada, ma'anar aure, kowanne da jimlarsa ta hadda. Babu laifi. Amma yarinyar da ke wucewa ta gaban kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ta san malamin makaranta ne a garin nan kafin ya zama Firayim Minista ba. Ta san Wunti a matsayin kasuwa, ba ta san ƙofa ce daga ƙofofin ganuwar da aka kewaye garin da ita a zamanin Yakubu, almajirin Shehu Usmanu da ya karɓo tuta ba. Takwararta ta Gombe ma da wuya a ce ta ji labarin Buba Yero, wanda ya kafa masarautarsu, a aji, ko ta san sai a 1996 aka cire jiharsu daga Bauchi. Tarihi ya daɗe a narke cikin darasin zamantakewa, sai a 2022 aka yi bikin dawo da shi da sunansa, kuma dawo da suna daban, samun malami da littafi daban. Yanayi ma haka: littafi ya ce kashi biyu ne, na ruwa da na rani. Kakar Ummi da ba ta taɓa shiga aji ba ta san bazara da damina da kaka da hunturu da rani, ta san alamar kowanne da aikin da ake yi a cikinsa. Ilimin tsohuwar ya fi na littafin zurfi, amma ba shi da maki.

Siraran littattafan nan kuwa ba sai na ja magana ba. Kwamfuta a allo ake zana ta, a sa wa sassanta suna. Motsa jiki ya koma rubuta ma'anar tsere a zaune. Noma ana yin sa ba tare da an taɓa ƙasa ba, ga yaran da da yawansu da fartanya suka tashi. Su ne darussan da ake fara sadaukarwa idan lokaci ya ƙure, kuma abin haushin su ne waɗanda yaro zai fi jin daɗinsu da a ce da hannu ake yi.

Kada a ɗauka malamai nake ɗora wa laifi. Bayan kwana biyu na haɗu da wani tsohon abokin aikina da har yanzu yake koyarwa a wata firamare a wajen gari, na ba shi labarin moɗar ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai kai yarinya ɗaya ka zauna da ita a inuwa. Ni in na ce sai kowa ya gane zan wuce, ƙarshen zango zai same ni a mako na uku. Mai dubawa kuma dayari zai buɗe, ba kan yaro ba." Gaskiya ya faɗa. Tsarin yana auna abin da aka koyar, ba abin da aka koya ba. Sikim jirgin ƙasa ne, lokacinsa ya yi zai tashi, wanda ya shiga ya shiga. Mako na biyar ba ya jiran wanda mako na huɗu ya kayar, aji biyar ba ya jiran wanda aji huɗu ya kayar, tunda kusan kowa ake ciyarwa gaba a ƙarshen shekara. Jarrabawar kuma malamin da ya koyar shi ke fitar da ita daga cikin abin da ya rubuta a allo, cike gurbi da zaɓi ɗaya cikin uku, a haɗa da makin gwajin tsakiyar zango a raba matsayi. Saboda haka na ɗaya da na uku suna gaya maka wanda ya fi wani ne a cikin ɗakin, ba sa gaya maka ko ɗakin gaba ɗaya ya iya karatu.

Makarantun kuɗi ba su tsira ba, nasu salon ne daban. Can darussan sukan kai sha biyar ko fiye, saboda tsawon takardar sakamako na cikin abin da ake sayarwa, ga aikin gida da uwa ce ke yin rabinsa da dare. Yaro ya tashi ƙarfe biyu, ya ci abinci a tsaye, ya wuce Islamiyya har kusan magariba, can ma ga Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu da tauhidi da Larabci. In ka haɗa duka, ɗan shekara tara na ɗauke da darussan da suka fi na ɗalibin jami'a yawa.

Abin da mahaifi zai iya yi a gida ba ya buƙatar digiri. Maimakon "na nawa ka zo?", a buɗe littafi ko wane ne, a nuna layi ɗaya a ce karanta mini, sannan a ce to gaya mini da Hausa. Uwar da ba ta yi boko ba ma za ta iya rabin na biyun: me aka koya muku yau, nuna mini shi a gidan nan. In ƙasa aka yi, ga yumɓun da ake gina tukunya, ga yashin bakin rafi, ga ƙasar bayan gida inda aka shuka kuɓewa. Hedimasta kuma da zai tara malamansa awa ɗaya a makon sharar nan, kowa ya buɗe sikim ɗinsa a kan teburi guda, da sun ga inda ruwa ya haɗu da lita da alwala, da sun matso da su mako ɗaya. Ba a buƙatar izinin Abuja kafin a yi wannan.

Da zan tafi na ga ƙanwata tana tattara littattafan tana ɗaurewa da igiya. Na tambaye ta ina za a kai su. Ta ce, "Yaya, ai an gama da su, sababbi za a saya in an koma. Mai ƙosan bakin layi ce ke karɓa." Na ce ta zare mini na kimiyya da na addini tukuna. Ummi ta bi ni har zaure tana tambaya ko ruwan Wikki da yake da ɗumi shi ma yana alwala, kuma wa ke dafa shi.